Sharhi: Shin muna motsa jiki kamar yadda muke faɗa?

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti aka auna shi aka tarar jininsa ya hau, ya san tambayar da ke biyo baya. Likita zai ɗago kai ya ce, "Malam, kana motsa jiki kuwa?" Amsar da aka fi bayarwa ita ce, "Haba likita, ai ni kullum a tafe nake." Likita ya rubuta, a wuce wurin.

Mutumin bai yi ƙarya ba. A ransa ya tuno fitar da ya yi da sassafe, da hada-hadar kasuwa, da gajiyar da ya kwaso da yamma. Abin da bai saka a lissafi ba shi ne, a Adaidaita Sahu ya tafi, a cikinta ya dawo, kuma mafi yawan wunin a kan benci ya yi shi a bakin shago.

Irin wannan tambaya da irin wannan amsa su ne tushen kusan dukkan alƙaluman da duniya ke dogaro da su game da motsa jiki. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sanar da cewa kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato kimanin mutum biliyan 1.8, ba su motsa jiki yadda ya kamata ba a shekarar 2022. Ta ce adadin ya ƙaru da kusan maki biyar daga 2010, kuma idan aka ci gaba a haka zai kai kashi 35 a 2030, shekarar da ƙasashe suka yi alƙawarin rage matsalar da kashi 15 cikin 100.

An tattaro waɗannan alƙaluma ne daga bincike sama da 500 da aka yi a ƙasashe 163, kuma abin da mutane suka faɗa da bakinsu aka rubuta. Tambayar da masana ƙididdiga suka daɗe suna yi ita ce: nawa ne gaskiya a cikin abin da aka faɗa, kuma ta yaya za a tace ta?

Ƙasa ɗaya, alƙaluma biyu

Najeriya misali ce mai kyau. Ƙiyasin WHO na shekarar 2016 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu na manyan ƙasar ne ba sa motsa jiki isasshe. Amma wani nazari da Dakta Davies Adeloye da abokan aikinsa suka yi, wanda ya haɗa sakamakon bincike 15 da aka gudanar a sassan ƙasar, ya samu kashi 52 cikin 100, sama da rabi ke nan. A birane ya samu kusan kashi 57, a karkara kuwa kusan kashi 19.

Wani ɓangare na wannan tazara ya samo asali ne daga bambancin mutanen da aka tambaya da kuma ma'anar da kowane bincike ya ba "rashin motsa jiki". Sauran kuwa daga ita kanta tambayar yake.

Wannan ba gardamar malaman jami'a ba ce kawai. Cututtukan da ba a ɗaukarsu daga wani, irin su hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki da wasu nau'o'in kansa, su ne sanadin kusan kashi 29 cikin 100 na mace-mace a Najeriya, a ƙiyasin WHO na 2016. Kwamishinan lafiyar da aka ce wa mutum ɗaya cikin huɗu ne ke da matsala, da wanda aka ce wa ɗaya cikin biyu ne, ba za su ware kuɗi iri ɗaya ba.

Ma'aunin da ake magana a kai shi ne na WHO: babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, ko minti 75 zuwa 150 na motsi mai ƙarfi, kamar gudu ko ƙwallo. Domin a gano wa ya cika wannan sharaɗi, takardun tambayoyi biyu aka fi amfani da su. Akwai IPAQ, wadda gajeren sigarta ke da tambayoyi bakwai kan kwanaki bakwai da suka wuce. Akwai kuma GPAQ ta WHO mai tambayoyi 16, da ke tambaya kan wurin aiki, da tafiye-tafiye, da lokacin hutu. Suna da arha, kuma ana iya kai su kowane ƙauye. Shi ya sa aka riƙe su.

Ranar da aka ɗaura wa mutane na'ura

Gani ya kori ji. A shekarun 2003 zuwa 2006, babban binciken lafiya da abinci na ƙasar Amurka ya raba wa dubban mutane wata 'yar ƙaramar na'urar auna motsi, suka ɗaura a ƙugu har kwana bakwai. Da aka kwatanta bayanan 2005 da 2006, kashi 62 cikin 100 na manya sun cika sharaɗin motsa jiki idan aka bi ta bakinsu. Da aka bi ta na'ura, kashi 9.6 ne kacal.

Ingila ta yi irin wannan gwaji a binciken lafiyarta na 2008. Kashi 39 na maza da kashi 29 na mata sun ce sun cika sharaɗi. Na'ura ta nuna kashi 6 na maza da kashi 4 na mata.

A 2011 wasu masana suka tattara bincike 23 da aka yi don gwada gajeriyar takardar IPAQ. A mafi yawan waɗanda suka kwatanta yawan motsin kai tsaye, takardar ta zarce gaskiya da abin da ya kama daga kashi 36 zuwa kashi 173 cikin 100, matsakaicinsa kashi 84. Ma'ana, wanda ya yi minti 100 yakan ce ya yi wajen 184. A ɓangaren zama kuwa akasin haka ake gani: wani nazari na 2020 ya nuna mutane na rage lokacin da suke yi a zaune da kusan awa ɗaya da minti 45 a kullum.

Kuskuren kan shafi kwatanta ƙasashe ma. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya tambayi mutane a Amurka da Ingila da Holan, sannan ya ɗaura musu na'ura. A baki kusan duk ɗaya suke. A na'ura, Amurkawa sun kasance a baya nesa ba kusa ba. Kowa da maƙwabcinsa yake auna kansa, don haka "ina da ƙoƙari" a garin da kowa ke hawa keke ba daidai yake da "ina da ƙoƙari" a garin da kowa ke cikin mota ba.

Gwajin Maiduguri

Ba a ƙetare kaɗai aka yi wannan aiki ba. A 2011 masu bincike a Jami'ar Maiduguri, ƙarƙashin Dakta Adewale Oyeyemi, sun wallafa sigar Hausa ta gajeriyar takardar IPAQ. A 2014 kuma suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi mata: mutum 144 sun ɗaura na'ura kwana bakwai a jere, a rana ta takwas suka amsa tambayoyin.

Masana na auna dacewar ma'aunai biyu da wata lamba da ke tashi daga sifili zuwa ɗaya. Ɗaya na nufin sun dace tsaf, sifili na nufin babu abin da ya haɗa su. A Maiduguri lambar ta tsaya tsakanin 0.03 da 0.38, kuma kamar a sauran wurare, abin da baki ya faɗa ya zarce abin da na'ura ta gani.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko mantuwa: wa zai iya tuna minti nawa ya yi yana tafiya ranar Talatar da ta wuce? Na biyu, da yawanmu ba da minti muke lissafin wuni ba, da lokutan salla muke yi. Manomin da ya ce ya yi aiki daga hantsi zuwa azahar gaskiya ya faɗa, amma a ciki akwai hutun gindin bishiya, da cin abinci, da gaisawa da masu wucewa. Mai tambaya zai rubuta awa huɗu na aiki mai ƙarfi.

Na uku kunya da son a yaba. Ba kowa ke son ya ce wa baƙo, musamman ma'aikacin lafiya, wuni yake a zaune ba. Na huɗu kuma ita kanta kalmar. A kunnen mutane da yawa "motsa jiki" na nufin gudu da sassafe ko buga ƙwallo. Matar da ta yi surfe, ta yi daka, ta ja ruwa a rijiya, ta yi wanki da goyo a bayanta, idan ba a yi mata tambayar da kyau ba za ta ce ita ba ta motsa jiki. A nan kuskuren ya juya: an rage mata ne, ba a ƙara ba.

Wannan shi ne abin da ya sa matsalar ta fi ƙarfin gyaran kai tsaye. Da kowa ƙari yake yi, kuma daidai wa daida, sai a raba amsar biyu a huta.

Mudu da hannun mai awo

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Masana ƙididdiga ma haka suke kallon amsar da mutum ya bayar: ba gaskiyar ba ce cif, amma akwai ƙimarta a ciki. Aikinsu shi ne su gina tsarin lissafi da zai raba amsar gida-gida, ya nuna wane ɓangare ne gaskiya, wane ne kuskure. Kasuwar hatsi za ta taimaka wajen fahimtar kashi huɗun da suke raba kuskuren.

Kashi na farko kamar mudun da aka buga wa gindi ne. Duk wanda aka auna wa, an tauye shi da adadi ɗaya. Wannan shi ne ƙarin da kusan kowa ke yi a amsarsa, kuma shi ya fi sauƙin gyara da zarar an san girmansa.

Kashi na biyu yana tafiya da yawan abin da ake aunawa. Tauyewar da za a yi wa mai sayen buhu ba daidai take da ta mai sayen mudu biyu ba. Haka ma tazarar da ke tsakanin baki da gaskiya ga lebura ba irin ta ma'aikacin ofis ba ce.

Kashi na uku hannun mai awo ne. Wani kullum sai ya cika har ya yi tozo, wani kullum a shafe yake bayarwa. Akwai mutumin da ɗabi'arsa ce ya kambama, akwai mai ragewa. Ko sau goma ka tambaye shi, haka zai maimaita. Wannan ne ya fi ba masana wahala, domin yana sa takarda ta yi kamar mai inganci: an tambaya yau, an tambaya bayan mako biyu, amsa ta zo ɗaya, sai a ɗauka gaskiya ce, alhali kuskure ɗaya aka maimaita.

Kashi na huɗu shi ne ɗan abin da ke zubewa ko ya ƙaru bisa tsautsayi, yau sama gobe ƙasa. Shi wannan yana raguwa idan aka maimaita awo aka ɗauki matsakaici.

Bayan waɗannan akwai wani abu da ba kuskure ba ne amma yana rikita lissafi: shi kansa motsin yana canzawa. Ranar kasuwa ba ɗaya take da sauran ranaku ba, damina ba ɗaya take da rani ba, haka watan azumi. Abin da ya shafi lafiyar mutum shi ne abin da ya saba yi tsawon lokaci. Binciken da aka yi a ƙauye lokacin noman farko da wanda aka yi bayan an gama kaka za su ba da hoto biyu na mutane ɗaya.

Kuskuren da ke ɓoye amfani

Mai karatu na iya cewa, to idan mutane sun ƙara a baki, ai illar ita ce kawai a ɗauka sun fi yadda suke lafiya. Akwai illar da ta fi wannan, kuma ba kowa ya san da ita ba.

A ce an raba mutane gida biyu bisa amsarsu, masu ƙoƙari da marasa ƙoƙari, domin a ga su wa suka fi kamuwa da ciwon zuciya. Saboda kuskure, wasu masu yawan zama sun faɗa cikin rukunin masu ƙoƙari, wasu masu aikin ƙarfi kuma sun faɗa cikin ɗaya rukunin. Rukunonin biyu sun gauraya, sun fara kama da juna, don haka bambancin ciwon da za a gani a tsakaninsu zai yi ƙasa da na gaskiya. Amfanin motsa jiki ya dusashe a takarda.

Ana iya auna wannan dusashewa da lamba. A 2013 Janet Tooze da abokan aikinta sun wallafa wani tsarin lissafi da suka gwada a kan mutum 433 a jihar Maryland ta Amurka, inda suka samu lambar tsakanin 0.43 da 0.73. Idan aka ɗauki rabi a matsayin misali, motsin da a zahiri yake rage haɗarin ciwo da kashi 50 zai bayyana kamar yana ragewa da kashi 29 ne kawai.

Abin da aka gani a manyan bincike ya yi daidai da wannan hasashe. Wani nazari na 2015 da ya haɗa mutum sama da 660,000, bisa abin da suka faɗa, ya nuna cika sharaɗin motsa jiki na tafiya da raguwar haɗarin mutuwa da kashi 31, kuma ko an ninka shi sau uku zuwa biyar ragin bai wuce kashi 39 ba. A 2019 Farfesa Ulf Ekelund da tawagarsa suka haɗa bincike takwas da aka yi da na'ura a kan mutum 36,383. Rubu'in da suka fi kowa motsi sun samu ragin kashi 73 idan aka kwatanta da rubu'in da suka fi kowa zama.

Akwai buƙatar taka-tsantsan da wannan adadi. Yawancin mutanen dattawa ne na Amurka da Turai, kuma wanda ciwo ya riga ya fara ci dama ba ya iya yawan motsi. Duk da haka tazarar ta isa ta sa a yi tunanin cewa an daɗe ana rage wa motsa jiki daraja.

Abin lura, hujjar farko da aka samu a wannan fanni ba ta hanyar tambaya ta zo ba. A 1953 Dakta Jeremy Morris ya duba bayanan ma'aikatan sufuri kimanin 31,000 a birnin Landan. Kwandastocin motocin bas masu bene, waɗanda ke wuni suna hawa da sauka a matakala, sun fi direbobin da ke zaune ƙarancin kamuwa da ciwon zuciya. Aikin kowa ne ya faɗi yawan motsinsa, babu wanda aka ce ya tuna.

Yadda ake gyara mudun

Ba za a iya ɗaura wa al'umma gaba ɗaya na'ura ba, kuma ba a buƙatar hakan. Dabarar ita ce a zaɓi wani ƙaramin rukuni daga cikin waɗanda aka tambaya, a auna su da ma'auni mafi inganci. A misali, a tambayi mutum 10,000, a zaɓi 500 ta hanyar ƙuri'a su ɗaura na'ura na mako guda, a sake maimaitawa bayan wani lokaci. Daga waɗannan 500 za a gano yadda amsar baki ke kaucewa ga maza da mata, matasa da tsofaffi, 'yan birni da 'yan karkara. Sai a yi amfani da wannan wajen daidaita amsar sauran 9,500.

Haka masana Jami'ar Jihar Iowa ta Amurka suka yi tsakanin 2009 da 2011. Mutum sama da dubu daga ƙananan hukumomi huɗu sun ɗaura na'ura a damtse na awa 24, washegari aka kira su a waya suka lissafo duk abin da suka yi jiya, sannan aka maimaita a karo na biyu. Maimaitawar ita ce ke ba da damar raba kuskuren rana da ɗabi'ar mutum.

Ma'aunin da ya fi kowanne inganci wajen sanin ƙarfin da jiki ya ƙona shi ne wani ruwa mai alama biyu, wanda aka fara gwadawa a kan ɗan Adam a 1982. Mutum zai sha, a riƙa karɓar fitsarinsa na mako ɗaya zuwa biyu, daga saurin ɓacewar alamomin a lissafa ƙarfin da ya kashe. Da shi aka yi aikin Maryland. Sai dai yana da tsada ƙwarai, kuma ba ya faɗin irin aikin da mutum ya yi.

Gyaran yana da iyaka. Yana daidaita hoton al'umma ne, ba zai faɗa maka minti nawa Malam wane ya yi ba. Yana kuma buƙatar kuskuren ma'aunin gwaji ya kasance ba shi da alaƙa da kuskuren baki. Sannan bayan gyara, iyakar shakkun da ke kewaye da adadin takan faɗaɗa, domin lissafin ya daina nuna tabbacin da ba shi da shi.

Mafi muhimmanci a gare mu, ba a aron wannan gyara. Lissafin da aka fitar daga mutanen Iowa, masu agogo a hannu da mota a ƙofar gida, ba zai daidaita amsar mai turin kurar ruwa a Kano ko manomi a Maraɗi ba. Kowace al'umma da irin kuskurenta.

Na'urar ma da nata

Kada a ɗauka na'ura ce alƙalin ƙarshe. Wadda ake ɗaurawa a ƙugu girgizar jiki take ji. Ba ta cika gane tuƙa keke ba, ba ta san nauyin da mutum ya ɗauko a ka ba, ba ta jin aikin da hannu ke yi alhali ƙafa na tsaye. Daka, da niƙa, da jan guga, da faskare, da yawancin aikin fartanya, duk za ta rage musu lada. Wato ainihin ayyukan da suka fi yawa a wurinmu su ne take da rauni a kansu. Wani nazarin WHO na 2011 a ƙasashen Afirka 22 ya nuna kusan duk motsin da mutane ke yi daga wurin aiki da tafiyar ƙasa yake fitowa, na lokacin hutu ɗan kaɗan ne. Saboda irin wannan ne masu bincike a Kamaru, ƙarƙashin Dakta Felix Assah, suka yi amfani da na'urar da ke haɗa bugun zuciya da motsi, inda suka tabbatar mutanen karkara sun fi na birni ƙona ƙarfi.

Akwai kuma batun ƙa'ida. A da, sai motsin da ya kai minti 10 a jere ake lissafawa, kuma wannan na cikin abin da ya sa alƙaluman na'ura na Amurka da Ingila suka yi ƙasa sosai. Amurka ta cire sharaɗin a 2018, WHO ta bi sahu a 2020. A ƙarƙashin tsohuwar ƙa'ida, mai tafiyar minti shida zuwa masallaci da minti shida dawowa, sau biyar a rana, ya yi awa guda yana tafiya amma a takarda bai yi komai ba. Bugu da ƙari, shi kansa minti 150 ɗin daga binciken baki aka fitar da shi, don haka auna shi da mintin na'ura kamar auna tiya da mudu ne.

Wayar hannu ma ba ta warware matsalar ba. Wani bincike na Jami'ar Stanford a 2017 ya tattara takun mutum sama da 700,000 a ƙasashe 111, ya samu matsakaicin taku kusan 5,000 a rana. Amma masu babbar waya kaɗai ya gani, kuma wayar da ke kan caji ko cikin jaka a ɗaki ba ta ƙirga komai. Shi kuwa taku 10,000 da ake yawan ambata, daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan a 1965. Binciken da aka yi a 2019 kan mata tsofaffi sama da 16,000 a Amurka ya ga raguwar mace-mace tun daga taku 4,400, ragin kuma ya daidaita a wajen 7,500.

Abin da ya rage mana

Rayuwar garuruwanmu na sauyawa da sauri. Babur da Adaidaita Sahu sun maye gurbin tafiyar ƙasa, injin niƙa ya karɓi aikin turmi a gidaje da yawa. Sannan tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tsadar kuɗin mota ta mayar da mutane da dama ga takawa da ƙafa. Ma'aunin da dacewarsa da na'ura ba ta kai 0.4 ba zai sha wuya kafin ya nuna ko waɗannan sauye-sauye sun ƙara motsi ko sun rage, balle ya nuna ko wani shirin gwamnati ya yi aiki.

Abu na farko da ya kamata shi ne, duk wani babban binciken lafiya da gwamnatin tarayya ko ta jiha za ta yi, a ware kuɗin ƙaramin rukunin gwaji tun a kasafinsa. Na'urorin ana sake amfani da su, kuma aikin Maiduguri ya nuna akwai masu iya yi a jami'o'inmu. A yi shi a birni da ƙauye, da damina da rani, a tabbatar mata sun samu wakilci daidai.

Na biyu, a gyara tambayar ta dace da rayuwar mai amsawa. A ambaci ayyukan da sunansu, a kuma bi lokutan da mutane suka saba lissafi da su. An lura cewa tambaya kan jiya kaɗai ta fi kusa da gaskiya a kan tambaya kan mako ko wata.

Na uku ya shafe mu 'yan jarida. Idan aka miƙo mana adadi, mu tambaya: ta baki aka samo shi ko ta na'ura? Su wa aka tambaya, a wane lokaci na shekara? An daidaita shi ko ɗanye ne? A rubuta amsar a cikin labarin.

Ga mai karatu kuwa, dukkan hujjojin nan wuri ɗaya suka nufa: mai yiwuwa kana motsi ƙasa da yadda kake zato, kuma mai yiwuwa amfanin motsin ya fi yadda aka faɗa maka. Kafin ka sake ce wa likita kullum a tafe kake, ka ɗauki jiya kaɗai ka bi ta daga asuba zuwa isha'i. Ina da ina ka je, da me ka je, kuma awa nawa ka yi a zaune?